Mai ciwon haƙorin turmi ya ce gara a cire da a taɓa masa jijiya: me za a ce masa?

Ɗalibar_Haƙori:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ga tambaya. Mutum ya zo da turmin ƙasa na farko, wannan da ke fitowa yaro yana shekara 6. Ya yi kogo, ciwo na hana shi barci, in ruwan sanyi ya taɓa wurin zogin ya daɗe bai sauka ba. Hoto ya nuna ruɓar ta kai ɓargon haƙorin, amma saiwoyin lafiya lau, ƙashin da ke riƙe da su ma bai ci ba. Haƙori ne da za a iya ceta. To da an ce masa za a yi aikin jijiya, sai hankalinsa ya tashi, ya ce shi dai a cire kowa ya huta. Me ake faɗa wa irin wannan, kuma me ake yi a aikace, don tsoron ya sauka ba tare da an yi masa ƙarya ba?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, fara da gyara sunan aikin, don kalmar "jijiya" ita ce rabin matsalar. Bahaushe in ya ji za a zare masa jijiya, abin da ke zuwa ransa jijiyar wuya ce ko ta ƙafa, wata aba mai tsawo da za a finciko daga cikin kai. Ɗauki takarda ki zana masa haƙorin. Ga farin ɓawo na waje mai tauri, ga kashi na biyu mai ɗan rawaya, ga ɗan ɗaki a tsakiya da ɓargo mai laushi a ciki, ga 'yan hanyoyi sirara da suka gangara cikin saiwa. Ki ce masa: ƙwayoyin cuta sun shiga ɗakin nan, ɓargon ya kumbura, kuma ɗakin ba ya buɗewa, shi ya sa yake bugawa kamar ganga in ka kwanta. Aikinmu mu buɗe, mu share, mu wanke, mu toshe. Tsawon haƙorin duka tun daga kai har ƙarshen saiwa bai wuce milimita 21 ko makamancin haka ba. Ki nuna masa a kan yatsanki, bai kai gaɓa ɗaya ba. Ni na fi son a ce "wankin cikin haƙori".

Nas_Ummi:
Gaskiya ne Baba. Kuma a yi wannan bayanin yana zaune a miƙe, ido cikin ido, kafin a kwantar da kujera. Wanda aka riga aka kwantar, fitila a fuskarsa, ba ya jin abin da ake faɗa.

Bakatsine77:
Ni a ganina abin bai kai haka tsawo ba. A ce masa ba zai ji komai ba, a yi allura, a fara aiki. In ya ga babu ciwo ai shi ke nan.

Dakta_Mai_Allura:
Malam Bakatsine, a nan kam ban bi ka ba. Wannan haƙorin da ta kwatanta shi ne ya fi kowanne wuyar mutuwa da allura. Turmin ƙasa mai kumburarren ɓargo sau da yawa allura ɗaya ba ta kashe shi sosai. Ka ce wa mutum ba zai ji komai ba, injin ya taɓa ɓargo ya zabura, to daga nan duk abin da ka faɗa ba zai yarda ba, kuma zai je ya ba mutum goma labari.

Abin da ya dace a faɗa: za ka ji ɗan tsini na allura na 'yan daƙiƙai, za ka ji dannawa da girgizar inji da ruwa, amma zafi bai kamata ka ji ba, in ka ji ɗaga hannun hagu in tsaya in ƙara magani. Hagu, domin likita yawanci a dama yake, kada a buge masa hannu. Kuma in ya ɗaga a tsaya nan take, ko da saura ƙiris. Sau ɗaya aka ƙi tsayawa alamar ta tashi aiki.

Ita allurar kuma ga yadda take. A busar da wurin da auduga, a shafa man kashe zafi na benzoken kashi 20, a ba shi minti ɗaya zuwa biyu, ba shafawa da sokawa a take ba. Sai allurar kashe zafi ta lidoken kashi 2 mai adirenalin, a kai shi can bayan muƙamuƙi inda babbar jijiyar ƙasa ke shiga ƙashi. A ja baya kaɗan a duba ko jini ya shigo kwalbar. A tura a hankali, kwalba ɗaya ta mililita 1.8 ta ɗauki minti guda ko fiye. Yawancin zafin allura daga saurin turawa yake, ba daga tsinin ba. Sai a jira minti 10 zuwa 15.

Ɗalibar_Haƙori:
Dakta, in leɓensa ya yi nauyi ba shi ke nan ba?

Dakta_Mai_Allura:
A'a ƙanwata, nan ne ake faɗawa rami. Nauyin leɓe da gefen harshe yana nuna allurar ta je wurin da ake so, ba ya nuna ɓargon ya daina jin zafi. Ki yi gwajin sanyi, wato ki ɗora abu mai sanyi a kan haƙorin kansa. In har yanzu yana ji, kada ki taɓa inji. Ƙara wata allurar kashe zafi, artiken kashi 4, a dasashi ta gefen kunci daidai haƙorin, ki jira minti 5. In bai isa ba, akwai allurar da ake yi tsakanin haƙori da dasashi, ɗigo kaɗan a kowace saiwa. Ta ƙarshe ita ce ta cikin ɓargon kansa bayan an ɗan huda: tana da zafi na daƙiƙa biyu zuwa uku sannan komai ya yi tsit. Wannan dole a sanar da shi kafin a yi, a ƙirga tare.

Mai_Kemis_Zariya:
Ƙari a kan maganar Dakta. Adirenalin ɗin da ke cikin allurar yakan sa zuciya ta yi ta bugawa da sauri, hannu ya ɗan yi rawa na 'yan mintuna. Wanda ba a gaya wa ba sai ya ɗauka ajali ne ya zo. A faɗa masa tun farko. Mai ciwon zuciya mai tsanani kuma ba a wuce masa kwalba biyu ta mai adirenalin. Sannan ibufurofen miligiram 400 awa ɗaya kafin aiki yana taimaka wa allurar ta kama, ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Nas_Ummi:
Kuma don Allah a ce su ci abinci kafin su zo. Da yawa suna zuwa da yunwa saboda sun ɗauka irin tiyatar da ake hana ci ce. Yunwa da tsoro in suka haɗu mutum ya yi gumi, fuska ta yi fari, ya sume. In hakan ta faru a kwantar da kujera sosai, a ɗaga ƙafafu sama, a sassauta wuyan riga, yawanci cikin minti ɗaya zai dawo. Mai ciwon suga a ba shi lokacin safe, ya karya, ya sha maganinsa yadda ya saba.

Kanumfari:
Ina so in koma baya kaɗan. Kafin a kai ga allura akwai abin da mutum ya shigo da shi a kansa daga gida. Akwai mai cewa tsutsa ce ke cin haƙorinsa, har an yi masa hayaƙi an nuna masa ita a cikin ruwa. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya narkar da ɓawon. Amma ba a yi masa dariya, don in ya ji kunya ba zai faɗi abin da ya sa wa haƙorin ba, kuma muna bukatar sani. Man kanumfari yana da sinadarin da ke lafar da zafi, mu ma muna amfani da danginsa a ciko, sai dai lafarwa ce kawai. Ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi tana ƙona shi ya yi fari fat. Ruwan batir da fetur kuwa ɓarna ce tsagwaronta.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne ciwon da ya ɗauke da kansa. Sai a ce an warke. Alhali ɓargon ne ya mutu, ƙwayoyin cutar suna gangarawa ƙarshen saiwa, bayan makonni ko watanni a tashi da kumburi ko ɗan ƙurji a dasashi mai fitar da mugunya.

Ɗan_Maraɗi:
Haka abin yake a nan Nijar ma. Akwai kuma masu cewa taɓa haƙorin sama yana kashe ido. Jijiyar gani daban take, ba ta bi ta haƙori. Abin da ke iya kaiwa ga ido shi ne kumburin fiƙar sama da aka bari ba magani, ya hau har fatar ido ta rufe. Wato haɗarin yana wajen barin ciwon.

Bakatsine77:
To na karɓi gyara a kan alƙawarin "ba za ka ji komai ba". Amma ina da ja a wani wurin. Wannan robar da ake shimfiɗawa a baki, mai tsoro in ya ganta da ƙarfen da ke kama haƙori sai ya ƙara firgita, ya ce numfashinsa zai ɗauke. Ba gara a bar ta ba a irin wannan hali?

Tsohon_Hannu:
Ko kusa. Wankin cikin haƙori ba roba ganganci ne. Tsinkayen ƙarfen da muke goge hanyoyin saiwa da su, lamba 10 da 15, kaurin bakinsu kashi 10 da 15 ne cikin ɗari na milimita, ga yatsu a jiƙe. In ɗaya ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro, ko ciki ko huhu. Ruwan wankin kuma haifokulorait ne, dangin bilic, mai ƙarfin kashi 1 zuwa 5, ba abin da za a bari ya zuba a harshe ba ne. Sannan yawu cike yake da ƙwayoyin cutar da ake ƙoƙarin korewa.

Yadda ake gabatar da ita ne ke da muhimmanci. Ba shi ya taɓa ta da hannu. Ce masa tabarma ce da za ta hana ruwa da ƙura zuwa maƙogwaronka, hancinka a buɗe yake, kana iya haɗiye yawunka. A gwada ƙarfen bayan allura ta kama, a ɗaure shi da zare. A sa masa ɗan katangin roba tsakanin haƙoran ɗaya gefen ya jingina muƙamuƙi, don riƙe baki a buɗe awa guda gajiya ce. Masu tsoron shaƙewa sukan fi samun natsuwa da ita in an sa.

Hajiya_Dakta:
Baba ya gama magana. In ƙara da cewa robar nan tana amfani a watan azumi, domin abin da ke damun mai azumi shi ne kada wani abu ya wuce masa. Malamai da dama suna ganin allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ko a ba shi lokaci bayan shan ruwa. Kada dai mai kumburi ya ce sai bayan salla.

Mai juna biyu ma ana yi mata. Watanni na huɗu zuwa na shida sun fi sauƙi, lidoken ba ya cutar da ciki, hoton haƙori guda haskensa kaɗan ne ƙwarai. In cikin ya tsufa a ɗan karkatar da ita hagu da matashi. Farasitamol za a ba ta, ban da ibufurofen.

Ɗalibar_Haƙori:
Na gode Hajiya. To matakan aikin fa, a faɗa masa duka ko a taƙaita? Ina tsoron yawan bayani ya ƙara masa fargaba.

Hajiya_Dakta:
Tambaye shi. Wani yana son a riƙa gaya masa kowane mataki, wani ya fi son ya sa abin sauraro a kunne ya ji karatu ya rufe ido. Amma kowa yana son sanin tsawon lokaci. Sai ki raba masa: minti biyar na farko akwai ƙarar inji da ruwa, nan ne ake cire ruɓa a buɗe ɗakin. Daga nan shiru ne, sai wata na'ura mai ƙara ɗiɗ-ɗiɗ da ke auna tsawon saiwa, a maƙala masa ɗan ƙarfe a leɓe, ba ya jan wuta. Sai gogewa da wanki, su ne suka fi cin lokaci, kuma zai ji warin bilic. A ƙarshe a busar da tsinken takarda, a cike hanyoyin da wani ƙaro mai kama da roba da ake kira gataperka tare da man liƙi, a ɗauki hoto. Turmi yakan ci awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a zama. Kada ki ɗaga tsinke ko allura a gaban idonsa, a miƙo kaya ta ƙarƙashin haɓa ko ta bayan kai.

Akwai ma'aunin tsoro mai tambaya 5, kowace maki 1 zuwa 5. Wanda ya kai 19 cikin 25 tsoronsa ya wuce na lallashi, sai a yi tunanin iskar kwantar da hankali ko ƙwaya, kuma wanda ya sha ƙwaya dole ya zo da ɗan rakiya, ba tuƙi, ba hawa babur shi kaɗai.

Ɗan_Maraɗi:
Zama ɗaya ko biyu? Mai tsoro in ka ce ya dawo, da zafin ya tafi ba ka ƙara ganinsa.

Dakta_Mai_Allura:
Haƙorin da 'yar'uwa ta kawo ɓargonsa da rai, babu mugunya, ana iya gamawa a zama ɗaya in lokaci da kaya sun samu. In akwai mugunya, ko hanyar ta ƙi bushewa, a sa kalsiyam haidiroksaid, wani farin magani mai kashe ƙwayoyin cuta, a ciki, a rufe da cikon wucin gadi mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Maganarka gaskiya ce, don haka a faɗa masa ƙarara: cikon nan na ɗan lokaci ne, zai zaizaye, yawu ya shiga, haƙorin ya ruɓe daga ciki ko ya tsage, ƙarshe a cire shi bayan an kashe kuɗi.

Wani abu da nake roƙo a daina: maganin nan da ake dannawa a kogo wai ya kashe jijiya a cikin kwanaki, mai arsenik ko fomaldehaid. In ya yoyo yana kashe dasashi da ƙashi. Allura mai kyau ta wadatar.

Mai_Kemis_Zariya:
Bayan aiki kuma a gaya masa abin da zai gani. Leɓe zai yi nauyi awa biyu zuwa huɗu, kada ya ci abu mai zafi ko ya ciji wurin. Haƙorin zai yi tsami in an tauna na kwana biyu zuwa uku, wani har mako, saboda naman da ke kewaye da ƙarshen saiwa ya sha taɓi. Ibufurofen miligiram 400 da farasitamol miligiram 1000 tare suna aiki sosai, kada farasitamol ya wuce giram 4 a yini. Ya sha na farko kafin allurar ta sake shi.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da kumburin ɓargo. Mutane suna shan amoksisilin zagaye uku, huɗu, suna jiran ciwo ya tafi. Wurinsa shi ne in kumburi yana yaɗuwa, da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, kuma tare da buɗe haƙorin, ba a madadinsa ba. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa, harshe ya ɗago, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, wannan na gaggawa ne a daren, ba a jiran safiya.

Kanumfari:
Masu waya a hannu kuma suna zuwa da wani sabon tsoro, wai haƙorin da aka yi wa wannan aiki yana sa ciwon daji ko na zuciya. Asalin maganar gwaje-gwajen wani likitan haƙori ne a Amurka, Weston Price, wajen shekarun 1920, yana dasa haƙoran da aka cire a ƙarƙashin fatar zomaye. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da ita ba, an daɗe da watsar da ita, bayan an zubar da haƙoran mutane masu yawa a kanta.

Bakatsine77:
To matsalolin aikin fa? A faɗa wa mai tsoro tsinke na iya karyewa a ciki? Ai guduwa zai yi.

Tsohon_Hannu:
A faɗa, a taƙaice, da murya a kwance, tare da abin da ake yi in ya faru. Tsinke yakan karye a saiwa mai lanƙwasa, musamman wanda aka yi ta maimaita aiki da shi. Wani a ciro, wani a bi ta gefensa, wani a bar shi a cike a riƙa duba, kuma ba ya yawo a jiki. Ana iya huda gefen saiwa bisa kuskure, akwai simintin da ake toshewa da shi. Ana iya tsallake hanya: turmin ƙasa yawanci uku gare shi, wani huɗu, na sama na farko kuwa ta huɗun tana ɓuya a saiwar gaba ta gefen kunci, kuma ita ce sanadin dawowar ciwo da yawa. Ruwan wanki in aka tura da ƙarfi ya wuce ƙarshen saiwa yana kawo zafi nan take da kumburi, shi ya sa allurar wankin ba ta maƙalewa a hanya, tana tsayawa milimita 2 kafin ƙarshe, a tura da ɗan yatsa ba da babban yatsa ba. In an yi aikin da kyau, wajen tara cikin goma suna zama lafiya. A dawo hoto bayan shekara, don ƙashi a hankali yake cikowa.

Nas_Ummi:
Akwai masu tsoron da ba sa faɗa: kada a sa musu cutar hanta ko ƙanjamau da kayan aiki. A yage ledar kayan a gabansu, su ga sabuwar allura da sabuwar kwalba. Tukunyar turara kaya tana kai zafin maki 134 na minti 3 ko 121 na minti 15. Tafasawa a ruwa ko gogewa da sifirit bai isa ba.

Hajiya_Dakta:
Mu dawo kan mutumin da ya ce a cire. Wani lokacin ba allura yake tsoro ba, kuɗin ne, yana jin nauyin faɗa. A gaya masa jimillar tun farko har da hula, wato rufin da ake sa wa haƙorin bayan aiki, domin turmin da aka huda ta sama, ga kogo a gefe, ya rasa ƙarfinsa, in ba a rufe shi ba wata rana ƙashi ko goro ya raba shi biyu. In an ce hula wasu haƙorin Makka suke tunani, sai a nuna musu mai launin haƙori. A kuma gaya masa abin da cirewa ke jawowa: na baya ya kwanto cikin giɓin, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe ɗaya. In ya ji duka ya ce a cire, haƙƙinsa ne.

Ɗan_Maraɗi:
Hajiya, ni ina ganin wanda ba zai iya hula ba, kuma bangon haƙorin ya yi siriri, gara a cire tun yanzu da ya biya sau biyu.

Dakta_Mai_Allura:
Ya danganta da abin da ya rage. In bango uku suna tsaye da kauri, ana iya rage tsinin kaɗan a rufe saman da farin ciko mai ƙarfi, ya riƙe shi har ya tara kuɗin hula. In tsagar ta riga ta gangara saiwa, ko ruɓar ta nutse ƙasan ƙashi, nan na yarda da kai.

Ɗalibar_Haƙori:
Allah ya saka da alheri, na kwashi abubuwa da yawa. Saura ɗaya: in an yi duk allurorin nan da Dakta ya lissafa kuma har yanzu yana ɗaga hannu, a ci gaba a daure ko a tashi?

Tsohon_Hannu:
A tashi, 'yata. In an samu an cire ɓargon da ke cikin ɗakin sama kawai, ko ba a shiga saiwoyi ba, zafin yakan faɗi sosai. Sa auduga da magani, rufe da cikon wucin gadi, rage tsayin haƙorin kaɗan don kada ya riƙa karo da na sama, ba shi maganin zafi, sa masa rana cikin mako. A zama na biyu kumburin ya lafa, allura takan kama da wuri. Ki karɓi lambarsa ki kira shi washegari da safe ki ji yadda ya kwana.